Hali zanen dutse ne, to me ya kankare na Baffa?

Ranar da muka kai Baffa gaban likitan ƙwaƙwalwa, mu huɗu ne muka shiga tare da shi: ni, da manyan 'ya'yansa maza biyu, da Inna, matarsa, wadda muka zaunar a kujerar baya kusa da ƙofa kamar 'yar rakiya. Likitan ya duba kati, ya ɗago, ya tambaye mu yaushe abin ya fara. Babban ɗansa ya ce wata biyu ke nan, tun daren da Baffa ya fito daga sallar isha'i ya kasa gane hanyar gida, har sai da wani mai shayi ya rako shi. Na gyaɗa kai, don ni ma daga nan lissafina ya fara. Sai Inna ta gyara mayafi ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Likita, ya fi shekara huɗu. Tun azumin da ya daina fita majalisa. Tun lokacin Malam ba shi ba ne."

Likitan ya juya kujerarsa ya fuskance ta. Mu maza uku da muka zo da takardu da bayani muka koma 'yan kallo, ita kuwa ta shiga jero abubuwa, kowanne da abin da ta ɗaure shi da shi: wannan kafin babbar sallah, wancan bayan sunan jikarsu, wancan a daminar da katangar bayan gida ta faɗi. Duk abin da ta faɗa mun san shi, mun gan shi da idonmu. Sai dai ko ɗaya ba mu taɓa ɗauka a matsayin ciwo ba.

Baffa ƙanin mahaifina ne. Ya fi shekara 30 yana sayar da yadi, kuma duk layinsu an san shi da abu biyu, lissafi da kawaici. Bashi ko na naira biyar ne yana cikin littafinsa. Idan aka ɓata masa rai, iyakarsa ya ce "Allah ya kyauta" ya ci gaba da awon yadinsa. Mutum ne da idan surukinsa ya shigo zaure sai ya nemi uzuri ya tashi saboda kunya. Yana da shekara 60 da 'yan kai abin ya soma, kuma bai soma da mantuwa ba. Majalisar da ya yi shekaru yana zama bayan la'asar ya fara yi wa fashi, daga baya ya daina zuwa ɗungurungum. Sai ya zauna a zaure tun hantsi har azahar, rediyo na gefensa a kashe. Aka haifa masa jika aka sa mata sunan mahaifiyarsa, aka miƙa masa jaririyar, ya dube ta kamar an miƙa masa ƙunshin kayan wani, ya mayar. Muka ce kasuwa ce ta yi sanyi, tunani ya yi masa yawa.

Bayan kamar shekara sai zargi ya shigo. Kuɗinsa na ƙarƙashin matashi sun ragu, Inna ce. Ya sayo kwado ya sa wa ɗakinsa, mabuɗin kullum a aljihun 'yar ciki. A wajen wani ɗaurin aure ya dubi surukin nan da yake jin kunya ya yaɓa masa magana a kan tumbinsa, a gaban mutane, ya yi dariyarsa shi kaɗai. Mutumin da ba ya sakin kwabo sai ya rubuta, wani ya kira shi a waya da labarin kwangila ya tura masa kuɗin da ya kai rabin jarin shago. Ƙarshenta ya ce ya ga Inna tana tsayawa da mai garuwa a soro, matar da ta haifa masa 'ya'ya bakwai, ta kusa shekara 60 a duniya. Wata safiya ya rubuta mata saki ɗaya ya ajiye a kan faifan da ta rufe masa koko.

Aka yi taron dangi. Wasu suka ce jifa ne daga abokan kasuwa. Wasu suka ce ruwa ba ya tsami banza, Inna ta san abin da ta yi masa. Wani dattijo ya ce da ma halinsa ke nan, wadata ce ta rufe, yanzu da hannu ya yi sanyi ya fito fili. Aka yi ruƙiya, aka sha rubutu, aka yi sadaka, manya suka sa baki ya mayar da ita kafin idda ta cika. Ni ina cikin waɗanda suka bi ta gidan yayanta suna ba ta haƙuri da baki, alhali a zuci muna tambayar kanmu ko akwai ƙamshin gaskiya a zancen kuɗin. Wannan har yau yana yi mini ciwo. Babu wanda ya ambaci asibiti, kuma dalilinmu a fili yake: Baffa bai manta komai ba. Yana jan Yasin da ka ba gargada, yana iya faɗa maka wanda yake bi bashi tun zamanin Abacha da adadin kuɗin. A wurinmu gigin tsufa shi ne tsoho ya ci abinci ya ce bai ci ba, ko ya kira ɗansa da sunan ƙaninsa da ya rasu. Wanda kansa ke riƙe da lissafi, ta ina za a ce ya ruɗe?

Mu ne muke cewa hali zanen dutse. Idan da gaske mun yarda da wannan karin magana, to ranar da muka ga zanen shekara 60 yana gogewa, kamata ya yi mu tambayi abin da ya sami dutsen. Ra'ayina ke nan, kuma ban sauka daga kansa ba tun daga ɗakin likitan nan: idan wanda ya haura shekara 50 ya sauya hali, sauyin da ya zauna wata da watanni, a fara ɗaukarsa a matsayin maganar lafiya kafin a ɗauke shi a matsayin maganar aure, ko tarbiyya, ko asiri. A rubuta shi da lokacinsa. Ma'aikacin asibiti kuma ya riƙa tambaya a kansa kamar yadda yake ɗaura wa mutum abin awon jini ba sai an roƙe shi ba.

Ita kanta cutar mantuwar da ta fi kowacce suna a duniya, da irin labarin Baffa ta shiga littattafan likitoci. A 1901 aka kai wata mata mai shekara 51, Auguste Deter, asibitin masu taɓin hankali na Frankfurt a Jamus, ta faɗa hannun wani likita mai suna Alois Alzheimer. Abin da aka fara gani a tare da ita a gida kishi ne, ta riƙa zargin mijinta ba gaira ba dalili. Mantuwa da ruɗewa daga baya suka biyo. Ta rasu a 1906, likitan ya duba ƙwaƙwalwarta ya ga lalacewar da yau ake kira da sunansa. Duk da haka an shafe shekaru masu yawa ana ɗaukar mantuwa a matsayin ainihin ciwon, sauyin hali kuwa wani abu ne da ke zuwa a ƙarshe-ƙarshe.

A 'yan shekarun nan ne masu bincike suka juyo da maganar daidai. Wani likita a Ajantina, Fernando Taragano, ya bi diddigin tsofaffin da suka zo masa da sauyin hali kaɗai, ya ga da yawansu sun ƙare da cutar mantuwa. A 2016 wani rukunin masana ƙarƙashin jagorancin Zahinoor Ismail na Jami'ar Calgary a Kanada suka shimfiɗa wa abin sharuɗɗa, suka ba shi sunan da ake taƙaitawa da MBI, wato ƙaramin sauyin ɗabi'a mai zuwa da girma. Sharuɗɗan masu sauƙi ne: ya fara bayan shekara 50, ya ɗauki aƙalla wata shida ko da yana zuwa yana tafiya, kuma ya saɓa wa halin da aka san mutumin da shi tun asali. A 2017 suka fitar da takardar tambayoyi 34 da wanda ke zaune da tsohon zai iya amsawa. Da na karanta fannoni biyar ɗin da tambayoyin suka taɓa, sai na ga kamar wani ya leƙa gidan Baffa: mutuwar zuciya da rashin damuwa da komai, baƙin ciki ko fargaba da ba a saba gani ba, kasa riƙe kai wajen fushi, ko kuɗi, ko sha'awa, zubar da kunya da kara a cikin mutane, sai kuma zargi marar tushe da gane-ganen abin da babu. Huɗu daga cikin biyar Baffa ya nuna, shekaru kafin ya ɓata a hanyar masallaci.

Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne. Ƙwaƙwalwa ba rumbun ajiya ce kaɗai ba. Ɓangarenta na gaba, wanda ke bayan goshi, shi ke riƙe da linzami: shi ke sa ka haɗiye maganar da ta zo maka baki a gaban suruki, shi ke sa ka tashi ka je gaisuwar mutuwa ko da jikinka ba ya so. Abin da muke kira kunya da kara da kawaici yana da mazauni a cikin kai, kuma mazaunin yana iya lalacewa. Akwai nau'in cutar da daga nan take farawa, mafi yawanci tsakanin shekara 45 zuwa 65, mai ita yana iya riƙe lissafinsa daram yayin da halinsa ke zubewa. A cutar Alzheimer, sinadaran da ke taruwa su kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna fara taruwa shekara goma zuwa ashirin kafin mantuwa ta bayyana. Hawan jinin da aka yi sake da shi yana toshe ƙananan jijiyoyin cikin kai a hankali, kuma sau da yawa abin da dangi ke fara gani shi ne mutum ya yi sanyi, ya daina kula da abin da yake so. Akwai kuma nau'in da ake kira Lewy, wanda mai shi kan ga yara ko baƙi ko dabbobi a ɗaki ido biyu, ko ya riƙa kai duka da shure-shure cikin mafarki shekaru kafin sauran alamu su fito. A gidajenmu wannan ko tambaya ba a yi, sunansa aljanu.

Kada wani ya ce ciwon Turawa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 57 ke ɗauke da cutar mantuwa a 2021, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, irin namu. Gaskiya ne binciken da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da Indianapolis ta Amurka ya sami kimanin mutum 2 cikin 100 na 'yan shekara 65 zuwa sama a Ibadan, a can kuwa kimanin 8 cikin 100 a tsakanin baƙaƙen fata. Binciken da likitoci suka yi a Zariya aka buga a 2011 shi ma ya sami kusan 3 cikin 100. To amma waɗannan alƙaluma na waɗanda ciwon ya riga ya kwantar ne. Shekarun da ke gabanin haka, shekarun saki da kwado da taron dangi, ba su shiga wannan ƙirga ba.

Abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa a wannan magana daga makarantar zaure na samo shi. Malaman hadisi sun san cewa amintaccen mai ruwaya yana iya ruɗewa idan ya tsufa, har suna da kalma a kan haka, ikhtilaɗi. Ba su jefar da mutumin ba, ba su ce da ma maƙaryaci ne ba, ba su kuma rufe ido don girmansa ba. Binciken lokaci suka yi: yaushe ya fara? Wa ya ji daga bakinsa kafin nan, wa ya ji bayan nan? Aɗa'u ɗan Sa'ib na Kufa ya ruɗe a ƙarshen rayuwarsa, sai malamai suka karɓi abin da Shu'uba da Sufyanus Sauri suka ɗauka daga gare shi saboda da wuri suka ji, suka yi taka-tsantsan da na waɗanda suka zo a makare. Mutanen da suka fi mu girmama malamansu sun bi diddigin sauyin hankalin tsoho shekara fiye da dubu da suka wuce, kuma ba su ga hakan a matsayin cin mutunci ba. Alƙur'ani ma, a Suratun Nahli da Suratul Hajji, ya ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin shekaru har ya koma bai san komai ba bayan ya sani. Ba abin kunya ba ne mu ce mahaifinmu ya soma bin wannan hanya. Ina da tabbacin ayar da ta hana mu ce wa iyaye "tir" idan tsufa ya riske su ta fi sauƙin bi ga wanda ya san ciwo ne ke magana ta bakin mahaifinsa.

Yadda za a bi diddigin bai buƙatar digiri. Ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan firamare ya isa, da boko ko da ajami, wanda ba ya rubutu kuma ya yi muryar WhatsApp ya aje wa kansa. A rubuta abin da ido ya gani. "Ya haukace" ba bayani ba ne, amma "ranar Juma'a ya ce an ɗauki hularsa, aka same ta a cikin tukunyar ruwa, ya ce Inna ce ta sa" bayani ne da likita zai yi aiki da shi. A haɗa da yadda barcinsa yake, da magungunan da yake sha har da na kemis da na gargajiya, da awon jininsa idan an yi. Sau ɗaya a wata ya wadatar. Idan ba a riƙe kwanan wata ba, a ɗaura shi da sallah ko girbi ko biki, kamar yadda Inna ta yi. Kuma a bambance mai zuwa a hankali da mai zuwa farat ɗaya: tsohon da ya kwana lafiya ya tashi bai san inda yake ba, wannan ba na littafi ba ne, na asibiti ne a ranar, don yana iya zama zazzaɓi, ko ciwon mafitsara, ko faɗuwar suga, ko shanyewar ɓarin jiki, ko jini ne ya taru a kai bayan faɗuwa.

Wa zai riƙe littafin? Wanda ke zaune da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a gidajenmu mai ɗakin nan kusan kullum mace ce: mata, ko 'ya, ko matar ɗa. Ita ke kai ruwan alwala, ita ke jin sambatun dare, ita ce ta farko da za a zarga da sata, ita ce kuma ta ƙarshe da za a gaskata. Ɗan da ke Abuja yana kira ranar Juma'a a gaisa minti biyar, Baba ya amsa masa tsaf, har da tambayar yara, sai ya kashe waya ya ce ai lafiyar Baba ƙalau, matan gidan ne ba su da haƙuri. Masu wannan ciwo a farkonsa suna iya tattara kansu na ɗan lokaci a gaban baƙo ko likita. Shi ya sa masu binciken Ibadan ba su tsaya ga tambayar tsohon kaɗai ba, sai sun zauna da wani na kusa da shi.

Na san abin da za a ce: tun da ba ta da magani, me amfanin sani da wuri in ban da ƙarin baƙin ciki? Gaskiya ne har yau babu maganin da ke warkar da cutar Alzheimer. Sabbin alluran da Amurka ta amince da su, kamar lecanemab a 2023, rage gudun ciwon kawai suke yi kaɗan, kuma kuɗin lecanemab lokacin da ta fito ya haura dala 26,000 a shekara, ba namu ba ne. Amma ba duk sauyin hali ne ke ƙarewa da cutar mantuwa ba, kuma wannan shi ne babban dalilin zuwa da wuri. Ciwon damuwa yana da magani. Raunin ƙullutun maƙogwaro da ƙarancin bitamin B12 gwajin jini ke gano su, a yi magani mutum ya dawo. Tsohon da kunnensa ya yi nauyi yakan janye daga majalisa ya soma zargin ana gulmarsa. Ƙwayoyin barci da na mura da ake saya a kemis ba takardar likita suna rikita kan tsoho. Ko da kuwa hanyar mantuwar ce aka kama, kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da ake iya gyarawa waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na cutar, daga ciki har da hawan jini, da ciwon suga, da taba, da raunin ji da gani, da zaman kaɗaici. Baffa ya yi shekaru yana shan maganin hawan jini sai ranar da kansa ya yi ciwo.

Sannan akwai abin da ba ƙwaya ba. Da mun sani da wuri, da rabin jarin shagon bai tafi ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2020 ya nuna masu cutar suna fara kasa biyan kuɗaɗen da ke kansu har shekara shida kafin likita ya gano ta, wato aljihu yana riga asibiti sani. Da mun sani, da Baffa ya yi wasiyyarsa ya faɗi masu binsa da waɗanda yake bi tun kansa na tare da shi. Da an karɓe mabuɗin babur cikin lalama. Da Inna ba ta kwana wata biyu a gidan yayanta tana tunanin abin da ta yi wa mijinta ba.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko nauyi, kuma ba zan yi kamar ban gan shi ba. Wannan magana tana iya zama makami. Ɗan da ya ƙyalla ido a kan gonar ubansa zai ji daɗin kalmar "ya ruɗe". Dattijon da ya ce zai ƙara aure, ko zai ba da fili a gina masallaci, sai 'ya'ya su haɗa kai su ce kansa ya taɓu. Wani tsohon kuma da yake cewa ana sace masa kuɗi, da gaske ana sacewa. Wani ya yi sanyi ne don matarsa ta rasu, ko don ya yi shekara yana bin fanshonsa bai samu ba. Amsata ita ce ma'aunin shi ne halin mutumin na da, ba son ran magada ba. Wanda tun yana saurayi mai faɗa ne, faɗansa a tsufa ba alama ba ce. A fara bincika ko zargin nasa gaskiya ne. Kada shaidar ta zama ta mutum ɗaya, musamman mai cin moriya. Littafin kuma ba hukunci ba ne, kayan aikin likita ne, amana ce da ba a watsawa a zauren dangi na waya. Inda hali ya yi, a gaya wa tsohon kansa: "Baba, mun ga kwana biyu ba kwa jin daɗi, muna rubutawa ne don mu nuna wa likita." Rubutu mai lokaci da bayani ya fi kare tsoho daga maƙirci a kan jita-jitar da kowa ke faɗa yadda ya ga dama.

Ga malamai da alƙalai da masu unguwa ina da roƙo, don wurinsu ake fara kai irin wannan ƙara. Idan dattijon da ya yi shekara 35 da matarsa lafiya ya zo da saki da wani zargi da hankali ba ya ɗauka, kafin a shiga sulhu ko hukunci a tambayi na gida: me kuma ya sauya? Hukuncin sakin na malamai ne, ba nawa ba. Abin da nake nema tambaya ɗaya ce da shawarar a je a duba shi. Mai ruƙiya ma ba abin da zai ragu a aikinsa idan ya yi addu'arsa ya ce a wuce asibiti. Abin ya fi muni idan tsohuwa ce. Wadda ke surutu ita kaɗai, tana fita tsakar dare, tana amsa duk abin da aka tambaye ta da "e", ita ce ake cewa ta kama kurwar yaro har ta amsa da bakinta. A arewacin Gana akwai matsugunan da matan da aka kora da sunan maita ke fakewa, kamar na Gambaga, kuma a 2020 an kashe wata tsohuwa mai shekara 90 da duka a Kafaba kusa da Salaga, mutane na kallo. Ba kowace tsohuwa da aka yi wa wannan ƙazafi ce ke da ciwon ƙwaƙwalwa ba, amma alamun farkon ciwon sun yi kama da abin da mutane ke kafa hujja da shi har abin ya ba da tsoro.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, kuma sunan asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ko Kware ko Barnawa kaɗai ya isa ya sa dangi su ja da baya. Saboda haka ba can za a jira tsofaffi ba. Wurin kama su shi ne layin masu hawan jini da suga a babban asibiti da ƙaramin asibitin unguwa, inda da ma suke zuwa duk wata. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da littafin jagora na mhGAP, da babi guda a kan cutar mantuwa, wanda aka tsara don ma'aikatan da ba ƙwararru ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta buɗe ƙofa, sai dai doka ba ta tambayar mai rakiya komai, ma'aikaci ne ke tambaya. A fassara tambayoyin da Hausar da tsohuwa za ta gane, a gwada su a kan mutanenmu, don abin da Bature zai kira janyewa daga mutane yana iya zama takaba ko kulle a nan. Gwajin da ke cewa tsoho ya zana agogo ko ya faɗi kwanan watan Turawa zai kayar da mai lafiyar da bai yi boko ba. A Ibadan sun gane haka, suka ƙirƙiro gwaji da tsinken ashana don wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba. Kuma a rage saurin danna wa tsoho mai gane-gane magungunan kwantar da masu taɓin hankali irin su haloperidol, domin ga mai nau'in Lewy suna iya sandarar da shi ko su yi abin da ya fi haka.

Baffa ya ƙara shekara uku bayan zuwanmu asibitin. An daidaita masa jini, an koya mana kada mu yi musu da shi a kan abin da ya ɓata, mu taya shi nema kawai. Inna ce ta yi jinyarsa har ƙarshe, har lokacin da yake kiranta da sunan mahaifiyarsa. Bayan sadakar bakwai na same ta a ɗaki na durƙusa na ce, "Inna, ku yafe mini, ni ma na zarge ku a kan kuɗin nan." Ta ce ta sani, ta gani a fuskata tun ranar, kuma ta yafe. Sai ta ɗaga katifa ta zaro wani sabon littafi mai bangon shuɗi, ta ce in kai wa autarta in gaya mata na waye, kuma ta fara da rubuta yadda ta san uwarta a yau.